Kundin aiki: koya wa tafinta karanta siffar abu da rubuta ta

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Inda aka tsaya a ƙarshen shekara: tafintan ƙaramin yaren lissafin shago (shirin da ke karanta abin da aka rubuta da yaren ya gudanar da shi), wanda aka rubuta da yaren C, yana gane lambobi da rubutu da ma'ajiyoyi (sunayen da ke riƙe da ƙima), yana kiran ayyuka, yana bin bishiyar jimla gaɓa-gaɓa har ya fitar da ƙima. Abin da bai sani ba shi ne ɗigo, wato alamar da ke kaiwa ga siffar abu, kamar farashin kaya ko bashin mai saye. Mai shago yana so ya rubuta `oda.kaya.farashi * oda.adadi`, ko ya kafa doka irin `mai_saye.bashi += oda.jimilla`. Na farkon karatu ne, na biyun rubutu. Aikin makonnin nan ke nan.

Yau mai yanka rubutu (mai raba shi kalma-kalma) da mai feɗe jimla (mai gina bishiyar daga kalmomin) kaɗai aka taɓa. Ɗigo ya samu matsayi mafi ƙarfi, daidai da kiran aiki da `[ ]`, kuma ana ɗaure shi daga hagu. Bayan an karanta furuci na farko sai a shiga zagaye: muddin abin da ke gaba `.` ne ko `(` ko `[`, a naɗe abin da ke hannu cikin sabuwar gaɓa a ci gaba. Da haka `a.b.c(d).e` ke fitowa daidai. Sunan da ke bayan ɗigo ba ma'ajiya ba ne, ba a nemansa a cikin sunayen da aka ayyana, rubutu ne kawai da ake ajiyewa a jikin gaɓar.

Abu biyu suka ci lokaci. Na ɗaya, ɗigon lamba: `1.5` lamba ce, amma `jeri[1].suna` ba ta da alaƙa da lamba mai ɗigo. Dokar da aka kafa: ɗigo yana shiga cikin lamba ne kawai idan lamba ce ke biye da shi. JavaScript bai yi haka ba, shi ya sa a can `1.toString()` kuskure ne, sai an rubuta `1..toString()`. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa. A UTF-8 ƙ bayit biyu ce, C6 99. Ƙaramar ɗ ita ce C9 97, ɓ C9 93, ƴ C6 B4. `isalpha`, aikin C mai gane haruffa, ba ta san su ba, kuma miƙa mata `char` mai ƙimar ƙasa da sifili abu ne da ƙa'idar C ba ta lamunce ba. An rubuta namu mai dubawa, yana karɓar waɗannan huɗun da manyansu. Suna irin `'yankasuwa` ba zai yiwu ba saboda alamar `'` ita ke buɗe rubutu, don haka a sunan siffa sai ƴ, yadda ake rubutawa a Nijar.

Laraba, 8 ga Janairu

Karatu ya fara aiki. Matakai uku ne: a auna furucin hagu, a tabbatar abu ne ba lamba ko `babu` (ƙimar da ke nufin ba komai) ba, a nemi sunan a teburinsa. Kowane suna ana ajiye kwafinsa guda ɗaya tak a babban tebur tun lokacin feɗe jimla, da hash ɗinsa na FNV-1a (farawa daga 2166136261, ninkawa da 16777619), saboda haka kwatanta sunaye biyu kwatanta manuni (adireshin wuri a ƙwaƙwalwa) biyu ne kawai, ba bin harafi-harafi ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci: idan siffar ba ta nan fa? JavaScript yana mayar da `undefined`, Lua `nil`, Python kuwa yana tsayar da aiki da `AttributeError`. Mun bi Python, kuma babu jayayya a kai. A lissafin kuɗi, idan aka yi tuntuɓen rubutu aka sa `kaya.farshi` kuma tafinta ya yi shiru, kuskuren zai bi cikin jimilla ya fito a rasit, sai ƙarshen wata a yi ta neman inda kuɗi suka shige. Saƙon kuskuren yana faɗin layi, da sunan da aka nema, da sunan da ya fi kusa da shi cikin waɗanda abin ke da su. Python ma ya ƙara irin wannan tunin tun daga 3.10. A wurinmu yana da amfani na musamman, domin `kima` da `ƙima` sunaye biyu ne daban, kuma allon wayoyi da yawa ba ya ba da ƙ cikin sauƙi.

Asabar, 11 ga Janairu

Rubutu, ɓangaren feɗe jimla. Wahalar ita ce mai feɗewa yana gama karanta `a.b.c` kafin ya ga `=`, wato ya riga ya gina gaɓar karatu. Ba a koma baya ba, ba a kuma leƙa gaba ba. Ana barinsa ya gina hagu kamar kowane furuci, idan ya ci karo da `=` sai ya dubi gaɓar da ke hannunsa: ma'ajiya ce, a mai da ita gaɓar ajiyewa; gaɓar karanta siffa ce, a ciro furucin mai siffar da sunan a gina gaɓar rubuta siffa; `[ ]` ce, haka nan. Duk wani abu daban, kuskure ne tun kafin a fara gudanarwa. `a + b.c = 3` yana faɗawa nan, domin gaɓar da ke hannu ta tarawa ce.

A `a.b.c = 5` ɗigon ƙarshe ne kaɗai rubutu. `a.b` karatu ne na yau da kullum, kuma idan babu `b` ba a ƙirƙiro shi, kuskure ake bayarwa. `=` yana ɗaurewa daga dama, don `a.x = b.y = 0` ya yi aiki, kuma ƙimar da furucin ke mayarwa ita ce ta dama da aka auna, ba a sake karanto ta daga cikin abin.

Talata, 14 ga Janairu

Matsala ta farko mai nauyi. Gwaji ɗaya yana wucewa idan aka harhaɗa da clang, yana faɗuwa da gcc (kwamfailoli biyu ne, masu mai da rubutun C shirin da na'ura ke gudanarwa). Layin da ya jawo:

`rubuta_siffa(auna(g->hagu), g->suna, auna(g->dama));`

Ƙa'idar C ba ta ƙayyade wanne za a fara aunawa cikin kayan da ake miƙa wa aiki ba. Kwamfaila ɗaya ta fara da hagu, ɗayar ta fara da dama, kuma dukansu suna kan daidai. Muddin furucin biyu ba sa taɓa komai, ba a ganin bambanci. Da zarar ɗaya yana canza abin da ɗayan ke karantawa, yaren ya zama yare biyu.

Gyaran layi uku ne, kowace ƙima a ma'ajiyarta. Amma kafin a gyara dole a yanke wane tsari ake so, kuma manyan yaruka ba su yi ittifaƙi ba. Java da JavaScript suna auna mai siffar tukuna, sannan dama. Python yana fara auna dama, sannan ya bi wuraren ajiyewa daga hagu zuwa dama. C++ tun daga ƙa'idar 2017 ya ce dama ce farko a `=`. Littafin ƙa'idar Lua ya bar tsarin a buɗe.

Misalin da ya nuna bambancin a fili shi ne ƙara sabuwar oda a ƙarshen sarƙa:

`wutsiya = wutsiya.na_gaba = sabuwa()`

A JavaScript tsohuwar wutsiya ce ke samun `na_gaba`, sannan `wutsiya` ta koma kan sabuwar, abin da mai rubutun yake nufi ke nan. A Python `wutsiya` ce ke fara komawa kan sabuwar, sannan a auna `wutsiya.na_gaba`, sai sabuwar ta nuna kanta, tsohuwar kuma ba ta samu `na_gaba` ba, sabuwar ba ta shiga sarƙar ba. Layi ɗaya, sakamako biyu, babu saƙon kuskure ko ɗaya.

An zaɓi hagu zuwa dama a ko'ina, yadda ido ke karantawa. An ƙara wata doka da ta saɓa wa Java: a can, idan mai siffar `null` ne, sai an gama auna dama ake jefa kuskuren. A nan ana duba mai siffar tun kafin a taɓa dama. Dalili shi ne `rasit.lamba = cire_daga_sito(kaya)`. Idan `rasit` `babu` ne, bai kamata a rage kaya a sito sannan a ce ai ba inda za a rubuta ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Gwaje-gwajen tsari: kowane furuci yana kiran aikin da ke rubuta harafi a jeri, a ƙarshe a kwatanta jerin. Daga yau ana gudanar da komai da gcc da clang duka.

Litinin, 20 ga Janairu

`+=` da 'yan'uwansa. Hanyar da aka fara bi ita ce mai feɗe jimla ya mai da `a.b += c` zuwa `a.b = a.b + c`. Ga ma'ajiya zalla wannan daidai ne. Ga siffa ba daidai ba ne, kuma gwajin da ya tona shi shi ne:

`na_gaba().bashi += 500`

An kira `na_gaba()` sau biyu. Kira na farko ya ba da mai saye na ɗaya, shi ne wurin rubutawa. Kira na biyu ya ba da mai saye na biyu, daga shi aka karanto bashi. Sakamako: an ɗora wa na ɗaya bashin na biyu da ƙarin 500, nasa na asali ya ɓace, an kuma tsallake mutum ɗaya a layi. Haka `jeri[i()].adadi -= 1` zai yi. Bayan wannan, gaɓar `a` ɗaya ce aka rataya a wuri biyu na bishiyar, don haka wajen share bishiyar AddressSanitizer, mai gano kurakuran ƙwaƙwalwa, ya kama sakin ƙwaƙwalwa sau biyu.

An ba shi gaɓarsa ta kansa, mai matakai shida a jere: auna mai siffar sau ɗaya, idan `[ ]` ne auna mabuɗin sau ɗaya, karanta tsohuwar ƙima, auna dama, yi lissafin, rubuta. Tsohuwar ƙima ana karanta ta kafin dama, kamar yadda Java da JavaScript ke yi. Wannan yana da sakamakon da dole a sanar da masu amfani: a `x.n += f()`, idan `f` da kanta ta canza `x.n`, canjin nata zai bi ruwa. An rubuta shi a takardar bayani, da misali.

`++` da `--` ba za su shiga yaren ba. `+= 1` ya wadatar.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kurakurai biyu, tushensu ɗaya, kuma su ne mafi muni zuwa yanzu domin ba kullum suke bayyana ba.

Na farko ya fito ne daga ƙoƙarin rage aiki a `+=`. Tunda an nemo siffar a tebur wajen karatu, me zai sa a sake nemanta wajen rubutu? Sai aka riƙe adireshin gurbinta, `Kima *gurbi`, aka auna dama, aka rubuta ta cikin manunin. Teburin kowane abu yana farawa da gurbi 8, yana ninkuwa idan cikarsa za ta wuce kashi 75 cikin 100, wato a siffa ta bakwai. Idan furucin dama ya ƙara wa wannan abin siffa ta bakwai, an ware sabon tebur mai gurbi 16, an kwashe komai can, an saki tsohon. Manunin da ke hannu yana nuna ƙwaƙwalwar da aka riga aka mayar. Ba tare da AddressSanitizer ba, shirin ba ya ko faɗuwa: rubutun yana sauka a inda ba kowa, siffar tana nan da tsohuwar ƙimarta. Abu mai siffa biyar ba ya nuna matsalar, mai takwas ma haka, sai wanda ke da shida daidai lokacin.

Na biyu, mai kwashe shara, wato ɓangaren da ke mayar da ƙwaƙwalwar abubuwan da ba a amfani da su. A `sabon_rasit().bayani = "Oda " + lamba`, rasit ɗin da aka ƙirƙira ba ya cikin kowace ma'ajiyar yaren, yana cikin ma'ajiyar C ce kawai, wadda mai kwashe shara ba ya gani. Haɗa rubutun dama yana neman ƙwaƙwalwa, neman yana iya tayar da shara, shara ta tafi da rasit ɗin, sannan a rubuta a cikinsa.

Gyara: mai siffar, da mabuɗin idan akwai, da tsohuwar ƙima a `+=`, duk ana tura su kan tarin tushe na wucin gadi, wanda mai kwashe shara ke gani, kafin a auna dama, a cire su bayan rubutu, har da lokacin da kuskure ya katse aikin a tsakiya. Wurin rubutu kuma daga yau abu biyu ne, mai siffa da suna, ba adireshi ba. Ƙa'idar ECMAScript, wato ta JavaScript, ma haka ta siffanta shi: abin da `a.b` ke bayarwa kafin a karanta ko a rubuta rikodi ne mai ɗauke da tushe da suna, sai `GetValue` ko `PutValue` su yi aiki a kansa. Neman siffa sau biyu ya fi arha nesa ba kusa ba a kan kuskuren da ke ɓuya.

An ƙara tutar harhaɗawa da ke sa mai kwashe shara ya tashi a kowane neman ƙwaƙwalwa. Gwaje-gwaje suna jan ƙafa sosai a haka, amma irin wannan kuskuren yana fitowa nan take. Ta kama wani makamancinsa a wajen gina jeri, an gyara.

Kuɗi: babu abin da aka saya. gcc, clang, AddressSanitizer da Valgrind duk kyauta ne. Abin da aka biya shi ne jadawali, domin aikin aji da aka sa wa wannan makon ya koma mako mai zuwa.

Litinin, 27 ga Janairu

Aji (samfurin da abubuwa iri ɗaya ke fitowa daga gare shi) da gado. A nan ne karatu da rubutu suka rabu hanya ƙwarai. Karatu yana hawa: a duba abin kansa, in babu a duba ajinsa, in babu a duba ajin da ya gada, har sama. Rubutu ba ya hawa. `oda.ragi = 10` yana kafa siffa a jikin wannan odar ko da ajin yana da `ragi`, daga nan ta jikin ta rufe ta ajin. In da rubutu yana hawa, ragin da aka yi wa mutum ɗaya zai shafi kowace oda a shagon.

Akwai tarkon da wannan dokar ba ta rufe ba. Idan aji yana da `kaya = []`, to `oda.kaya.ƙara(x)` ba rubutun siffa ba ne, karatu ne da kiran aiki. Jerin ajin aka ɗauko, shi aka ƙara wa, kuma duk odoji suna ganinsa. Masu Python sun san wannan ciwon. Maganinmu: ƙimar farko da aka rubuta a aji ana sake auna ta ga kowane sabon abu, kowa da jerinsa.

Sai `kansa`, sunan da aikin aji ke kiran abin da yake aiki a kansa. `oda.jimilla()` a fili yake. Amma `f = oda.jimilla` sannan `f()` fa? JavaScript yana mantawa da odar, `this` ya zama wani abu daban. Python yana ɗaure aikin da abin tun lokacin karatu, yana ƙirƙirar sabon ɗaurarren aiki kowane karo, shi ya sa `a.f is a.f` ke ba da `False`. Mun ɗauki ɗaurewa. Don kada kowane kira ya ci ƙwaƙwalwa, gaɓar kira tana duba ko abin da za ta kira gaɓar karanta siffa ce. In haka ne sai ta auna mai siffar, ta nemo aikin, ta kira shi kai tsaye. Sharaɗi: dole ta fara duba siffofin jikin abin kafin na aji, in ba haka ba hanyar gajeren zango da ta dogon zango za su ba da amsa daban idan siffa ta rufe aikin aji. Akwai gwaji a kan wannan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Takardar bayani da gyaran saƙonnin kuskure. Ba a taɓa tafinta ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Siffofi masu lissafa kansu, da masu tsaron rubutu, da waɗanda ba a rubutawa. `oda.jimilla` yanzu tana iya zama aiki da ke gudana a duk karatu, `kaya.farashi = x` kuma tana iya bi ta hannun mai tsaro da zai ƙi lamba ƙasa da sifili.

Wannan ya tilasta gyara dokar makon jiya. Rubutu ba ya sauka a sama, amma dole ya leƙa sama kafin ya sauka: in akwai mai tsaro a aji, shi za a kira, in siffar ta karatu ce kawai a aji, a ƙi, in babu ko ɗaya, a rubuta a jikin abin. Ba tare da leƙen ba, `oda.jimilla = 0` zai kafa siffa a jiki ya rufe lissafin, odar ta zama kyauta. JavaScript yana yin shiru idan aka rubuta a siffar da ba a rubutawa, sai a yanayin `strict` yake jefa `TypeError`. A nan kullum kuskure ne.

Mai tsaron `farashi` da ya rubuta `kansa.farashi = x` yana kiran kansa ba iyaka, tarin C (wurin da ake ajiye kiraye-kirayen da ba su ƙare ba) ya cika, shirin ya mutu ba saƙo. Lua ya kauce wa wannan ta hanyarsa: `__newindex` yana tashi ne kawai idan mabuɗin ba ya cikin teburin, akwai kuma `rawset` mai tsallake shi. Mu an yi abu biyu. A cikin jikin mai tsaron wata siffa, taɓa wannan siffar ta `kansa` yana zuwa gurbin kai tsaye. Sannan an sa iyakar zurfin kira 200, da saƙo mai nuna sarƙar kiran. An zaɓi adadin da la'akari da Windows, inda tarin babban zare yake megabayit 1 in ba a canza ba, ba Linux mai 8 ba.

An sake gudanar da gwajin 11 ga Janairu: `a.x = b.y = 7` yana ba `a.x` bakwai ko da mai tsaron `y` ya ajiye wani abu daban.

Litinin, 10 ga Fabrairu

`?.`, don bayanan da ba su cika ba, irin `oda.mai_saye?.waya.lamba`. C# ya samu wannan a 2015, JavaScript a ƙa'idar 2020. Abin lura: idan `mai_saye` `babu` ne, ba ɗigo ɗaya ake tsallakewa ba, duk ragowar sarƙar ce, har da kiran ayyuka da kayan da za a miƙa musu. Gwajin farko ya faɗi a nan, domin gaɓar `?.` ta mayar da `babu`, gaɓar `.lamba` da ke samanta ta karɓa ta yi kuka. Yanzu mai feɗe jimla yana naɗe dukan sarƙar cikin gaɓa guda, `?.` kuma yana ɗaga alamar katsewa da wannan gaɓar kaɗai ke saukewa. Baka tana yanke sarƙa: `(a?.b).c` kuskure ne in `a` `babu` ne.

`?.` yana kare mai siffa da ya zama `babu` ne kawai. Sunan da babu shi a jikin abu har yanzu kuskure ne, don kada tuntuɓen rubutu ya samu mafaka. A hagun `=` kuma an hana shi, kamar JavaScript: rubutun da zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa a ɓoye ba shi da wuri a littafin bashi. `a?.5:1` yana nan a matsayin sharaɗi, da irin dokar leƙen lamba ta ranar farko.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ƙwaƙwalwa. Lissafin a kan na'ura mai bit 64: ƙima bayit 16, manunin suna 8, gurbi ɗaya 24. Tebur mai gurbi 8 bayit 192 ke nan, ko da siffa biyu ce a ciki. Layin kaya mai siffa 7 yana cin gurbi 16, bayit 384. Layi 100,000 sun kai megabayit 38 da ɗoriya a tebura kaɗai, kuma sunaye bakwai ɗin nan ake ta maimaitawa. Ga ƙaramar kwamfutar kanti wannan ya yi yawa.

An koma tsarin zubi. Sunaye da lambar gurbin kowanne suna zaune a zubi guda da duk abubuwa masu kama ɗaya ke rabawa, abin kansa yana riƙe da manunin zubi da jerin ƙimomi kawai: 7 sau 16, a ƙara 8, bayit 120, wato megabayit 12. Dabarar ta fito ne daga yaren Self a ƙarshen shekarun 1980, V8, injin JavaScript na Google, ya yaɗa ta daga 2008. Ƙara siffa yana matsar da abu daga zubi zuwa zubi, kuma ana ajiye hanyar don na baya su bi.

A kan wannan aka ɗora ajiyar kusa: kowace gaɓar ɗigo tana tuna zubin da ta gani na ƙarshe da lambar gurbin. In zubin bai canza ba, kwatanta manuni ɗaya da ɗauko ƙima, shi ke nan. Asalin wannan aikin Deutsch da Schiffman ne a kan Smalltalk, 1984. Lambar gurbi ake tunawa, ba adireshi ba, kuma ana duba zubin ne bayan an auna dama, saboda abin da ya faru ranar 23 ga Janairu.

Rubutu yana bukatar ajiya iri biyu: canza siffar da ke nan, da ƙara sabuwa, inda ake tuna tsohon zubi da sabo. Ta biyun tana da haɗari, domin ta ƙunshi hukuncin cewa babu mai tsaro a sama. An rufe ƙofar gaba ɗaya: aji ba ya canzawa bayan an ayyana shi.

Abin da bai yi kyau ba: mai shigo da bayanai daga fayil ɗin tebur na CSV yana tsallake ginshiƙin da ba komai, don haka layuka suna fitowa da zubi daban-daban, ajiyar kusa tana ta kuskurewa. Jerin shigar siffofi ma yana haifar da zubi daban, `suna` sannan `farashi` ba ɗaya ba ne da `farashi` sannan `suna`. An sa shi ya cika kowane ginshiƙi bisa jerin kan tebur, da `babu` inda ba komai. Abin da ya wuce siffa 64, ko aka goge masa siffa, yana komawa tsohon tebur nasa shi kaɗai.

Litinin, 17 ga Fabrairu

`a[suna]`, inda sunan ke fitowa lokacin gudanarwa, yana bin hanya ɗaya da ɗigo, da bambanci biyu: sai an nemo kwafin sunan a babban tebur tukuna, kuma wajen karatu ba a ƙara sabon suna a teburin, in babu shi to babu siffar. Mabuɗi rubutu ne ga abu, lamba ga jeri, ba a juya ɗaya zuwa ɗaya.

Wannan ya kawo maganar tsaro, tunda dokokin masu shago ne ke rubuta su, sunaye kuma suna iya fitowa daga fayil ɗin waje. Yarukan furuci sun sha zama ƙofar ɓarayi ta wannan hanyar. Ramin manhajar Apache Struts na 2017, mai lambar rajista CVE-2017-5638, ta yaren furuci na OGNL aka bi shi, kuma da shi aka shiga kamfanin Equifax aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147. Na manhajar Spring a 2022, CVE-2022-22965, sarƙar siffofi ce da ta fara da `class.module.classLoader`. A JavaScript rubutu ta `__proto__` yana gurɓata abin da kowa ke gado. Duka ukun ɗigo ne ya kai inda bai kamata ya kai ba.

Matakan da aka ɗauka: babu siffar da ke kaiwa ga aji ko zubi daga cikin yaren. Abubuwan da shirin C ke miƙa wa tafinta, irin su sito da littafin bashi, kowanne yana da jerin sunayen da aka yarda a karanta da jeri na daban na waɗanda aka yarda a rubuta, abin da ba ya jerin kuwa kamar babu shi ne, saƙon kuskure ma ba ya ambatonsa a cikin tuni. Furucin da ke cikin rahoto ana feɗe shi a yanayin karatu zalla, inda `=` da `+=` kuskure ne tun a feɗewa.

Saura: yanayin karatu zalla bai hana kiran aikin da ke rubutu a cikinsa ba, ciki har da siffa mai lissafa kanta. Mako mai zuwa za a sa wa kowane aiki alamar ko yana rubutu, a gada ta daga ayyukan da yake kira. Bayan haka, ajiyar kusa mai tuna zubi har huɗu, don gaɓoɓin da ke ganin oda iri-iri, sannan a jarraba dukan dokokin a kan kwafin bayanan sito na watan Janairu, da tutar shara a kunne.